Ana Kwarfa, Jirgi Na Cika

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi gaggawar ba ni gari. Wani likita ne, maganinsa na ci. Majinyatansa a gaban idonsa suke haɗiye ƙwaya, kuma cikin goma tara kan warke sarai su koma gona. Shekara ta zagayo, ya buɗe ƙofar asibiti, ya tarar da layi daidai tsawon na bara. Ya sake warkar da su. Baɗi ma haka. Baɗin baɗaɗa ma haka. Shekara kusan goma ana abu ɗaya, ana kwarfa jirgi na cika. Ta ina ruwan ke shiga?

Wannan ba labarin Gizo da Ƙoƙi ba ne. Likitan nan ƙasa ce sukutum, sunanta Biyetnam, ciwon kuwa tarin fuka. Bari in ba ka tushen zance a gurguje, don mu samu mu bi sawu tun bai bushe ba.

Tun ranar 24 ga Maris 1882, da Bajamushe Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke haddasa cutar, an san fuskar mai laifi. Daga tsakiyar ƙarni na 20 aka samu magungunan da ke kashe ta. Sai wani likita ɗan ƙasar Cekoslobakiya, Karel Styblo, ya gwada wani tsari a Tanzaniya daga ƙarshen shekarun 1970: a duba kakin mai tari da madubin likita, a ba shi magani a gaban ma'aikaci, a rubuta komai a littafi, kada magani ya yanke a sito. Tsarin ne daga baya ya zama DOTS. A 1991 taron lafiya na duniya ya kafa ma'auni biyu: ƙasa ta gano kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da nau'in da ke yaɗuwa, ta warkar da kashi 85 cikin 100 na waɗanda ta gano. Lissafin masana ya ce duk ƙasar da ta cika waɗannan biyun, cutar za ta riƙa ja da baya kowace shekara.

Biyetnam ta cika su tun 1997, tana cikin sahun farko a ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Tana da ɗakin shan magani a kusan kowace gunduma, da sashen tarin fuka a kowace ƙaramar hukuma. Aka yaba mata, aka riƙa buga misali da ita. Aka zauna jiran adadin sababbin kamu ya soma gangarowa. Aka jira. Aka ƙara jira.

Bai gangaro ba.

To, ruwa dai ba ya tsami banza. Mu shigo da waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kai ne alƙali, ni ne ɗan sanda mai gabatar da ƙara.

Na farko shi ne wanda kowa ke fara nuna wa yatsa a ko'ina cikin duniya: majinyaci mai yanke magani. Kowa ya san halinsa. Ya sha ƙwaya wata biyu, zazzaɓin dare ya sauka, cin abinci ya dawo, wando ya soma kama ƙugu, sai ya ce ya warke. Alhali a Biyetnam ta wancan lokaci wata takwas ake shan maganin. Biri ya yi kama da mutum, ko ba haka ba? Sai dai da aka buɗe littattafan gundumomi, sai suka wanke shi tas. Masu warkewa sun haura kashi 85, shekaru da dama ma sun wuce 90. Masu gudun magani 'yan ƙalilan ne. Ka sallame shi, alƙali, ba shi ne ya fasa jirgin ba.

Na biyu ya fi shi ban tsoro: ƙwaya mai taurin kai, wadda ta daina jin manyan magunguna biyu, isoniazid da rifampicin. Kuma tana da dangi a yankin, wani jinsi da masana suka laƙaba wa sunan birnin Beijin saboda a can aka fara tantance shi, wanda ya yawaita a Biyetnam kuma aka sha kama shi da laifin bijire wa magani. Na so ƙwarai a ce ita ce, don da labarina ya fi armashi. Amma da aka auna, a cikin sababbin kamu 100 ba a samun ko 5 masu irin wannan taurin kan. Tana da laifinta, tana kisa. Ƙarfinta dai bai kai ta riƙe ƙasa guda a wuri ɗaya shekara goma ba.

Na uku kuwa da ganinsa gaban kowa ya faɗi: ƙanjamau. A daidai waɗannan shekaru shi ne ya ninka tarin fuka a ƙasashen kudanci da gabashin Afirka, domin yana karya garkuwar da ke danne ƙwayar a jiki. Kuma an ga sawunsa a Biyetnam. Masu bincike sun lura cutar na raguwa a wurin masu matsakaitan shekaru, musamman mata, amma tana ƙaruwa a wurin samari, waɗanda a cikinsu ne ƙanjamau ya fi shiga ta hanyar allurar ƙwaya. Har na fara murna. Sai na tuna cewa masu ƙanjamau a Biyetnam ba su taɓa kai ko mutum 1 cikin manya 100 ba. Wannan yaron ɓarayi ne, mai riƙe musu fitila. Uban gayyar yana waje.

Saura wa? Talauci, tsohon abokin tarin fuka, mai kawo yunwa da cunkoson ɗaki. Shi ma yana da shaidar da ta fid da shi. Tun bayan sauyin tattalin arziki na 1986, Biyetnam ta shiga sahun ƙasashen da suka fi saurin rage fatara a duniya. Shinkafa ta wadata har ana sayarwa ƙetare. Talauci na tattara kayansa ne a lokacin da ake wannan ta'asa.

Huɗu ke nan, duk sun fita. Kotu ta yi tsit.

A irin wannan wuri ɗan sanda mai wayo kan daina kallon waɗanda ake zargi, ya koma ya karanta takardar ƙarar tun daga layin farko. Me aka ce? An gano kashi 70 cikin 100. To, 70 cikin 100 na me? Na masu cutar duka. Su nawa ne? Wa ya ƙirga su?

Babu wanda ya ƙirga.

Ƙiyasi ne. A lokacin ana yi wa yara 'yan makaranta gwajin fata, a ga nawa ne ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, sannan a bi wata ƙa'idar lissafi a fitar da adadin manyan da ake zaton suna yaɗa ta. Tamkar mutum ne ya ƙirga kashin ɓera a gindin rumbu, ya ce ya san yawan ɓerayen da ke ciki. Saboda haka daga 2006 zuwa 2007 Biyetnam ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fita daga asibiti, ta shiga ƙauyuka da unguwanni, ta duba mutum sama da 90,000 masu shekara 15 zuwa sama, marasa lafiya da masu lafiya baki ɗaya. Aka yi musu tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kakin waɗanda aka yi shakka a kansu. Sakamako ya fito: yawan masu cutar ya ninka abin da ake zato sau 1.6.

Ashe jirgin ya fi yadda aka zana shi zurfi. Akwai jama'a guda da ba ta taɓa taka ƙofar littafin ba. Amma kada ka tafa tukuna. Mun san akwai ɓarawo, mun san yawansa. Fuskarsa fa?

Na san abin da za ka ce, don ni ma shi na fara cewa. Mutanen kan duwatsu ne, waɗanda asibiti ya yi musu nisa. Ko masu tsayawa a kemis su sayi maganin tari na kwalba. Ko masu jin kunyar a ce gidansu akwai wannan ciwo, kada a ƙi auren 'ya'yansu. Duk akwai su, ban musa ba. Amma da ka tara su wuri ɗaya, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: sun san ba su da lafiya. Waɗannan sanarwar rediyo da mai shela na iya jawo su. Akwai wasu da ko shekara aka yi ana shela ba za su waiwayo ba.

Koma bakin ƙofar asibiti ka tsaya. Saurari tambayar da ma'aikaci ke yi wa kowa kafin ya miƙa masa ɗan gwangwanin kaki. Tambaya ɗaya ce, daga Hanoi har Kano: kana tari? Ya kai mako biyu? In ka ce e, ka shiga. In ka ce a'a, Allah ya kiyaye hanya.

Yanzu dubi takardun masu ƙirgar nan. A wurinsu tambaya ba ita kaɗai ce ƙofa ba, akwai hoton ƙirji. Mutum ya zo daga gona da laka a ƙafa. Kana tari? A'a. Zazzaɓi? Babu. Rama? Ina fa. Ya tsaya gaban na'ura. Hoto ya fito. Tabo a saman huhu. Aka gwada kaki. Ƙwaya, da ranta.

Wani ya biyo. Haka.

Wani kuma. Haka.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ɓarawon da ake nema ba ya tari.

Tsaya mu kalle shi da kyau, don mun sha wuya kafin mu kama shi. Ba Biyetnam kaɗai ba ce. Da aka tattara irin wannan ƙirga daga ƙasashen Asiya da Afirka da dama, an tarar kusan rabin waɗanda gwaji ya tabbatar suna da ƙwayar a kakinsu ba su amsa alamun da ake tambaya ba, kuma mafi yawansu hoton ƙirji ne ya tona su. Rabi fa. Wasu ba sa jin komai sam. Wasu suna ɗan gyaran murya da asuba, su ɗora wa taba laifi, kuma ka san mazan Biyetnam da taba, ga shi cutar ta fi yawa a maza ninki huɗu ko fiye. Wasu gajiya ce kawai, wa kuwa zai je asibiti don gajiya a lokacin girbi? Mutum na iya ɗaukar watanni a wannan hali, cutar na ci kamar gara a azara, waje sumul. Yana zuwa kasuwa. Yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa. Ranar da tarin ya tsananta har ya je layin likita, za a warkar da shi, a rubuta shi cikin nasara. Amma kafin nan ya riga ya shuka waɗanda za su cika layin baɗi.

Mu Hausawa ma sunan ne ya fara yaudararmu. Tarin fuka muke cewa, ko tarin tibi. Mun sa tari a gaba, kamar mai cigiyar ɓarawo yana cewa a kama duk mai jar hula. Shi kuwa gogan naka ya cire hular ya sa a aljihu, yana tsakiyar masu cigiya, har da taya su nuna hanya. Kuma kada a manta, bawan Allahn nan ba mugu ba ne. Shi ne mutum na farko da aka yi wa satar, bai ma sani ba.

Na ji lauyan da ke kare shi ya miƙe. Ranka ya daɗe, in ba ya tari, ta ina yake yaɗawa? Ai da tari ƙwaya ke fita.

Tambaya ce mai kyau, kuma an kai ta ɗakin gwaji. Masu bincike a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun riƙa sa majinyata a wani ɗan keɓaɓɓen akwati mai tace iska, suna kama abin da ke fita daga bakinsu yayin tari, yayin dogon numfashi, da yayin numfashi na yau da kullum. Suka samu ƙwayar a duka ukun. Tari ɗaya ya fi numfashi ɗaya fitar da ita, gaskiya ne. Amma mutum na numfashi sama da sau 20,000 a yini, tari kuwa ko mai tsanani ne bai kusanci haka ba. Tari ganga ne, kowa na ji. Numfashi ɗigon rufi ne, shi ke cika kwarya da dare.

Duk da haka zargi daban, hujja daban. In da gaske wannan ne ɓarawon, to kama shi ya kamata ya rage satar. Wa zai gwada?

Nan ne zan karɓi garin da ka yi mini alkawari, kuma Ka Mau nake so. Lardi ne a can ƙarshen kudancin Biyetnam, inda kogin Mekon ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ƙasa ce ta fadama da magudanan ruwa da tafkunan kiwon jatan lande, inda gidaje da yawa kwalekwale ne hanyar zuwa wurinsu. A 2014 shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasar, wanda Nguyen Viet Nhung ke shugabanta a lokacin, ya haɗa hannu da masu bincike daga Sidini ta Ostareliya, ƙarƙashin Guy Marks. Suka zaɓi ƙauyuka da unguwanni 120, suka kaɗa ƙuri'a. 60 aka bar su kan tsarin da aka saba, wanda ya ji ciwo ya je asibiti. 60 kuwa aka bi su gida gida, sau ɗaya a shekara, shekara uku a jere. Duk mai shekara 15 zuwa sama, in zai iya fitar da kaki, a karɓa. Yana tari ko ba ya yi, wannan ba shi ne tikitin shiga ba.

Sun kuma sauya fitila. Madubin likita sai ƙwayoyi sun kai dubbai a ɗan mililita guda na kaki kafin ya gan su. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ba ido take amfani da shi ba, sinadarin gadon ƙwayar take nema. Ɗaruruwa kaɗan sun ishe ta, cikin sa'a biyu ta ba da amsa, ta kuma faɗi ko ƙwayar na jin rifampicin. Duk wanda ta kama, sai a miƙa shi sashen tarin fuka na ƙaramar hukumarsa ya fara magani. Ba sabon magani, ba sabuwar allurar rigakafi. Hanya kawai aka juya: maimakon mara lafiya ya nemi gwaji, gwaji ya nemi mutum.

Shekara ta farko, a ƙauyukan da ake bi, aka samu 389 cikin kowane mutum 100,000. Ta biyu, ƙasa da haka. Ta uku, ƙasa sosai. A ta huɗu aka gwada ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya. Kowane ɓangare mutum wajen 42,000.

Inda aka zauna jira: mutum 94.

Inda aka bi gida gida: 53.

Wato 226 da 126 a cikin 100,000, ragin kashi 44 cikin 100. A duniya baki ɗaya, a shekarun nan, da ƙyar cutar ke raguwa da kashi 2 a shekara. Mujallar likitoci ta New England ta buga sakamakon a 2019. Ɓarawo ya amsa laifinsa da lissafi.

Ɗan sanda mai gaskiya ba ya ɓoye abin da bai yi masa daɗi a fayil ba. Da aka gwada jinin ƙananan yaran da aka haifa a 2012 don a ga ko shigar ƙwayar jikinsu ta ragu, ba a ga bambanci a fili tsakanin ɓangarorin biyu ba. Kuma aikin na cin kuɗi: sai an gwada ɗaruruwan masu lafiya kafin a kama mutum ɗaya. Irin wannan tsada na cikin dalilan da suka sa a 1974 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a daina yawo da motocin hoton ƙirji ana ɗaukar kowa da kowa, a jira masu alamu. Abin dariyar shi ne ƙasashen Turai sun riga sun ci moriyar waɗannan motoci. A 1957 birnin Glasgo ya ɗauki hoton ƙirjin mutum sama da 700,000 cikin mako biyar, har da kyautar mota ga wanda ƙuri'a ta faɗa wa. An ci moriyar ganga, aka ce wa na baya kaɗa ta asara ce. A 2021 hukumar ta buɗe ƙofar sosai: inda cutar ta kai mutum 1 cikin 200, ana iya tantance jama'a baki ɗaya, kuma kwamfuta na iya karanta hoton ƙirjin manya inda babu ƙwararre.

Kafin ka ce wannan rigimar mutanen nesa ce, Najeriya ma ta yi irin wannan ƙirga a 2012, ta tarar da 524 cikin manya 100,000, adadin da ya zarce ƙiyasin da ake riƙe da shi nesa ba kusa ba. Da ta soma fita neman mutane, da motoci masu ɗauke da na'urar hoto da ta gwaji, da masu kemis da ke tura masu saye gwaji, da masu bin iyalan majinyata gida, adadin da ake ganowa ya tashi daga wajen 120,000 a 2019 zuwa sama da 360,000 a 2023. Ba cutar ce ta ninka ba. Fitila ce ta shiga ɗakunan da ba a taɓa haskawa ba. Gwajin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma haka, kuma wata shida ne.

To, na ci garina, na kuma ba ka amsa: ruwan ta ƙarƙashin mazaunin masu tuƙi yake shiga, inda ba wanda ya duba don su ne suka fi kowa kama da masu lafiya. Saura kacici-kacici ɗaya, gajere, kuma wannan karon ba na karɓar gari. Ranar kasuwa motar gwaji ta tsaya a gindin dalbejiya. Masu tari sun yi layi. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya zo wucewa da buhu a ka, ma'aikaciya ta ce, "Baba, a tsaya a ɗauki hoto mana." Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, ni lafiyata ƙalau."

Wa kake ganin motar ta zo nema?